BABI NA UKU: DALILAN RUFTAWAR SILIN A GINE-GINEN KASUWANCI A KAZAURE DA BABURA DA RONI DA GWIWA, DA HANYOYIN RIGAKAFI

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan silin, wato rufin ciki da ake ratayawa a ƙarƙashin kwano, a gine-ginen da jama'a ke hada-hada a cikinsu, kamar kantuna da shagunan magani da bankuna da ofisoshi da ɗakunan taro. Za a duba yadda ake haɗa shi da ire-irensa, sa'an nan a kawo dalilan da ke sa shi lotsawa ko ruftawa, a kuma nuna hanyoyin da za a bi a kauce wa haka. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, ba kasafai silin yake faɗowa saboda allon da ido ke gani ba. Ɓarnar takan fara ne daga abin da allon ya ɓoye, wato katako da ƙusa da waya da ruwan da ke ɗiga daga sama. Saboda haka maganin matsalar ya ta'allaƙa ne ga kyautata abin da ke ɓoye da kuma yawan duba shi.

3.1 Yankin Nazari da Yanayinsa

Kazaure da Roni da Gwiwa suna cikin masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a shekarar 1819, Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim. Dukkansu suna arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Garin Kazaure yana kan hanyar Kano zuwa Daura, don haka yawancin kayan ginin da ake amfani da su a yankin daga kasuwannin Kano ake ɗauko su, kamar kasuwar Ƙofar Ruwa da ta 'yan katako da ke Na'ibawa.

Yanayin yankin yana da hannu ƙwarai a cikin wannan matsala. Yawancin ruwan shekara yakan sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, lokacin da laimar iska kan haura kashi 70 cikin ɗari. Da hunturu kuwa iska takan bushe har laimar ta sauka ƙasa da kashi 25, ga kuma ƙura. Da bazara zafi yakan kai digiri 40 ko fiye a inuwa, sa'an nan farkon damina yakan zo da iska mai ƙarfi. Wato a shekara guda silin yakan sha jiƙa da bushewa da gashi da girgiza, kowanne da irin illar da yake bari.

3.2 Ma'anar Silin da Sassansa

Silin kalmar aro ce daga Ingilishi wadda ta zauna daram a bakin Hausawa. Ana yin sa ne domin ya tare zafin kwano, ya rage ƙarar ruwan sama, ya hana ƙura zuba, ya ɓoye wayoyin lantarki, ya kuma ƙawata ɗaki. Kowane silin da aka rataya yana da sassa huɗu:

(i) Maɗauki, wato katakan rufi ko kankaren bene da komai yake rataye a jikinsa.

(ii) Maratayi, wato gajerun katakai ko waya ko zare da ke saukowa daga maɗaukin.

(iii) Raga, wato saƙar katako ko ta ƙarfe da ake kafa allo a jikinta. Kafintoci kan yi ta da katakon da suke kira tu-bai-tu.

(iv) Allo, wanda shi ne fuskar da ake gani daga ƙasa.

Waɗannan sassa kamar sarƙa suke. Nauyin allo yana kan raga, na raga yana kan maratayi, na maratayi yana kan maɗauki. Duk inda aka sami rauni a ɗaya daga cikinsu, ƙarfin sauran ba zai hana faɗuwa ba.

3.3 Daga Azara Zuwa Silin

A ginin Hausawa na gargajiya babu rufin da ake ratayawa. Magina sukan jera azara, wadda ake tsagowa daga giginya, su shimfiɗa zana ko asabari a kai, su zuba ƙasa, sa'an nan su shafe da makuba ko laso, su kafa indararo domin ruwa ya sauka nesa da bango. Da yake azara ba ta cika ɗaukar tazarar da ta wuce kimanin mita biyu ba, idan ana son ɗaki mai faɗi sai a yi bakan gizo ko ɗaurin guga. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne shahararren misali na wannan fasaha.

Akwai abubuwa biyu a cikin wannan tsari da suka dace a lura da su. Na farko, abin da ke ɗauke da rufin a fili yake. Mai ɗaki yana kwance yana kallon azararsa, in ta tsage ko ta lanƙwasa zai gani. Na biyu, al'ada ta ɗora wa kowane magidanci hawa soronsa kafin faɗuwar damina, ya cire ciyawa, ya toshe tsaga, ya sake yaɓe, ya share bakin indararo.

Kwano da silin sun shigo ne ta gine-ginen gwamnati da na kamfanoni tun zamanin Turawa. Sun ƙara yaɗuwa bayan 1976, shekarar da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul aka kuma fara shirin ba da ilimin firamare kyauta, abin da ya jawo gina ofisoshi da azuzuwa masu yawa a lokaci guda. Daga nan 'yan kasuwa suka ɗauka. To amma an karɓi sabon rufi ba a taho da tsohuwar al'adar gyara ba. Mutane sun ɗauka cewa da zarar an buga kwano an rufe da silin, aiki ya ƙare ke nan har abada. Wannan zato shi ne tushen yawancin abin da za a ambata a gaba.

3.4 Ire-iren Silin

(a) Silin kwali. Allo ne mara nauyi da ake yi da matsattsen garin katako. Yana da araha, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura, ya yi ciki, ya yage daga bakin ƙusa.

(b) Silin asbestos. Allo ne na siminti da aka cakuɗa da zare. Shi ya fi yawa a tsofaffin makarantu da ofisoshi. Gara ba ta cin sa, amma yana da gautsi, kuma in ya faɗo yakan karye da kaifi. Tsohon samfurinsa yana ɗauke da zaren asbestos na ainihi, wanda ƙurarsa ke haddasa ciwon huhu da sankara, shi ya sa Ingila ta haramta shi baki ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005. Akwai sabon samfuri da ake yi ba da wannan zare ba, ko da yake jama'a ba su daina kiran sa da tsohon suna ba.

(c) Silin roba, wanda aka fi sani da PVC. Ba shi da nauyi, ruwa ba ya ɓata shi, amma zafi yana sa shi miƙewa da lanƙwasa, kuma idan gobara ta kama shi yakan fitar da hayaƙi mai guba.

(d) Silin POP. Ana yin sa da garin farar ƙasar jifsam da aka gasa, a kwaɓa da ruwa, a zuba a kan wani zare mai kama da rama wanda masu aikin ke kira filas. Shi ne ya fi kyan gani, shi ne kuma ya fi nauyi, ya fi kowanne tsoron ruwa.

(e) Silin raga ta ƙarfe. Wannan shi ake gani a bankuna da manyan ofisoshi. Alluna ne masu faɗin santimita 60 a kowane gefe, a zaune a kan siraran ƙarafa da aka rataya da waya.

3.5 Dalilan Lalacewar Silin

3.5.1 Ruwa

Ruwa shi ne babban abokin gabar silin. Yakan shigo ta hujin ƙusa idan robar da ke kanta ta ƙone da rana, ko ta mahaɗar kwano idan ba a ɗora wani a kan wani da isasshen faɗi ba, ko ta tsatsa. A 'yan shekarun nan an sami wata sabuwar hanya, wato salon ginin da ake ɗaga bango ya zama rawani ya ɓoye kwano. A irin wannan gini ruwan rufin duka yakan taru ne a wata magudana da ke bayan rawanin. Idan leda da ganye da ƙurar hunturu suka toshe ta, ruwan ba shi da mafita sai cikin silin.

Ɗan lissafi zai nuna girman abin. Ruwan sama na milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, nauyinsa kuma kilo ɗaya. Alal misali, idan kanti yana da tsawon mita 12 da faɗin mita 10, aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, to lita 6,000 ce ta sauka a kan rufinsa, wato cikin duro 30. Ko da kashi ɗaya cikin ɗari ne ya sami shiga, kilo 60 ke nan, fiye da nauyin buhun siminti, kuma yawanci a wuri ɗaya zai taru. Bugu da ƙari, ruwan yana yin ɓarna biyu a lokaci guda: yana ƙara wa allo nauyi, yana kuma rage masa ƙarfi. Jifsam yakan yi laushi in ya jiƙa, filas yakan ruɓe, waya da ƙusa su yi tsatsa. Ba ruwan sama kaɗai ba, har da tankin da aka ɗora a saman rufi, da bututun bayan gida na bene, da gumin na'urar sanyaya ɗaki, duk suna yin irin wannan aiki a hankali ba tare da an farga ba.

3.5.2 Ɗanyen Katako da Gara

Yawancin katakon gini daga dazuzzukan kudancin Nijeriya ake kawo shi, kuma sau da yawa yakan iso bai gama bushewa ba. Idan aka yi raga da shi a haka, hunturu na zuwa sai ya tsotse ruwansa, katakon ya tsuke, ya murɗe, ya tsage. Ƙusar silin daga ƙasa ake buga ta zuwa sama, nauyin allo kuma yana janyo ta ƙasa, ta yadda babu abin da ke riƙe da ita sai matsin naman katakon. Da katakon ya tsuke sai matsin ya ragu. Damina ta zo ya kumbura, rani ya zo ya sake tsukewa, a haka ƙusa take zamewa kaɗan-kaɗan har ta saki.

Gara kuwa daga ƙasa take tasowa, ta bi ta tsagar bango ko ramin bulo har ta kai ga rufi. Takan cinye cikin katako ta bar ɓawonsa, ta yadda mai kallo zai ɗauka lafiya lau yake. Farin katako mai laushi, wanda aka fi saye saboda araha, shi ta fi saurin ci. Akwai kuma wani ƙaramin ƙwaro mai huda katako, wanda alamarsa ita ce gari mai laushi da ke zubowa a kan kaya. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka abin yake ga gara.

3.5.3 Ƙwange a Wajen Aiki

A ƙa'idar aikin silin raga ta ƙarfe, ana sa wayar rataya ne a kowace tazarar mita 1.2, a murɗe bakinta sau uku aƙalla. A ragar katako kuma ba a so tazarar da ke tsakanin katakai ta wuce santimita 60. To amma idan an karya farashin aiki, ko ɗan kwangila ya sayar wa wani, shi ma ya sayar wa wani, sai na ƙarshe ya nemi ribarsa a inda ido ba ya kaiwa, ya rage yawan maratayi, ya buɗa tazara, ya sa siririyar waya.

Illar wannan ta fi yadda ake zato. Idan an ƙaddara nauyin silin kilo 10 ne a kowane murabba'in mita, to a tazarar mita 1.2 kowace waya tana ɗauke da kimanin kilo 14. Idan aka ninka tazarar ta kowane ɓangare ta koma mita 2.4, nauyin da ke kan kowace waya zai kai kusan kilo 58, wato ya ninka sau huɗu. Haka kuma a ilimin gini an san cewa idan aka ninka tazarar da ke tsakanin madogaran katako biyu, lotsawarsa takan ninka har sau 16. Har ila yau, idan maratayi ɗaya ya tsinke, nauyinsa yakan koma kan maƙwabtansa. In su ma a cike suke sai su bi shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa silin da ya yi shekaru shiru yakan rufto gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kamar ana farke ɗinki.

3.5.4 Ɗora wa Silin Nauyin da Ba Nasa Ba

Ana yin silin ne ya ɗauki kansa kawai. Amma a gine-ginen kasuwanci akan rataya masa fanka da manyan fitilu da allon talla da lasifika. Fanka ta fi illa, domin ban da nauyi tana girgiza ragar dare da rana. Haka nan mai gyaran wuta ko mai kafa farantan sola yakan hau ya taka ragar, wani lokaci ya yanke waya ko katakon da ya tare masa hanya, ya sauka bai mayar ba. Akwai kuma nauyin da ke taruwa da kansa: ƙurar hunturu ta shekara da shekaru, da kashin jemagu da na tattabaru, da sheƙar ɓeraye. Wannan tarkace idan ya jiƙa yakan zama taɓo mai nauyi, ya kuma riƙe laima a jikin allo.

3.5.5 Iska da Zafi

Iskar farkon damina tana ɓata silin ta hanyoyi biyu. Idan ta shiga ta babbar ƙofar kanti ba ta sami mafita ba, sai ta tura silin sama. Idan kuma ta shiga ta ƙarƙashin bakin kwano, sai ta danno shi ƙasa. Wannan kai da komo yana sassauta ƙusoshi. In kuwa ta yaye ko da falle ɗaya ne na kwano, ruwan da ke biye da ita zai sauka kai tsaye a kan allo.

Zafi kuma ya fi taɓa silin roba. Da bazara kwano yakan yi zafin da ya haura digiri 60, iskar da ke tsakaninsa da silin ta zama kamar ta tanda. Falle ɗaya na roba mai tsawon mita 6 yana iya ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya idan zafi ya ƙaru da digiri 30. Idan an matse shi da bango ba a bar masa wurin miƙewa ba, dole ya bankare ya fita daga mazauninsa.

3.5.6 Rashin Dubawa

Duk dalilan da aka ambata suna ɗaukar lokaci kafin su kai ga ruftawa, kuma ana iya tsayar da su da an gan su. Sai dai da yawan silin ana rufe shi ruf, ba a bar ƙofar leƙawa ba. A gidajen haya kuma akwai wata matsalar: ɗan haya yana ganin gyara na mai gida ne, mai gida kuma ba ya zama a wurin balle ya ga tabon ruwa. Abin da akan yi shi ne a shafa fenti a kan tabon, a rufe alamar a bar cutar.

3.6 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Wannan matsala ba ta tsaya ga ƙasar Hausa ba, ta auku har a ƙasashen da suka ci gaba a fannin gini. Ko da yake gine-ginen da za a ambata sun fi na yankin nan girma nesa ba kusa ba, sassan silin ɗinsu huɗun nan ne dai.

A ranar 9 ga Mayu, 1985, silin kankare na wani wurin ninƙaya a garin Usta na ƙasar Suwizalan ya rufto, mutum 12 suka mutu. Bincike ya nuna cewa tururin sinadarin tsabtace ruwa ne ya cinye ƙarafan da ke rataye da shi. A ranar 10 ga Yuli, 2006, allunan kankare suka faɗo a wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a birnin Boston na Amurka, suka kashe mace ɗaya. An gano cewa gam ɗin da aka kafa ƙusoshin da shi ba ya jure nauyi na dogon lokaci, kuma tun 1999 an ga alamar zamewar wasu ƙusoshi a wurin. A ranar 2 ga Disamba, 2012, irin haka ta faru a hanyar Sasago ta ƙasar Japan, mutum 9 suka rasu.

Misalin da ya fi kusa da aikin POP shi ne na gidan wasan kwaikwayo na Apollo a birnin Landan, wanda aka buɗe a 1901. A ranar 19 ga Disamba, 2013, wani sashe na silin ɗinsa ya faɗo a kan 'yan kallo, sama da mutum 70 suka ji rauni. Abin da ya saki shi ne ɗaurin zaren algarara da aka tsoma a farar ƙasa aka rataya silin da shi, wanda ya ruɓe saboda tsufa. Wannan dabara kusan ita ce masu POP suke yi da filas a yau. A duk waɗannan misalai maratayi ne ya gaza, a wurin da ba a gani daga ƙasa.

3.7 Alamomin da Ke Gabatar Ruftawa

Silin yakan yi gargaɗi kafin ya faɗo. Daga cikin alamomin akwai tabon ruwa mai launin ƙasa-ƙasa, da fumfuna, da ɓarewar fenti. Lotsawa a tsakiyar ɗaki. Tsaga a mahaɗar alluna ko tsakanin silin da bango. Kan ƙusa da ya fito ko ya nutse cikin allo. Zubowar gari ko ƙasar gara. Da ƙara mai kama da karyewar kara, musamman da dare ko lokacin iska. Idan aka ga lotsawa tana ƙaruwa ko aka ji irin wannan ƙara, wajibi ne a fitar da mutane, a kashe wutar lantarki, a tokare wurin da katako kafin a kira masani.

3.8 Hanyoyin Rigakafi

(i) A gama da kwano kafin a fara silin. Ya fi kyau a bari a yi ruwa mai ƙarfi ko sau ɗaya, ko a kwarara ruwa a kan rufin, a toshe duk inda ya yi yoyo. A ginin rawani a yi magudana mai faɗi, a kuma huda mata mafita ta biyu ta waje, domin in ta farko ta toshe ruwan ya zuba a titi, ba cikin kanti ba.

(ii) A yi amfani da busasshen katako. In an sayo shi ɗanye a jera shi a inuwa da tazara a tsakani har ya bushe. A shafe shi da maganin gara irin su Solignum ta kowane gefe, har da bakin da aka yanka. Baƙin man mota da wasu ke shafawa bai kai maganin ba, yana kuma ƙara haɗarin gobara.

(iii) A kiyaye tazarar da aka ambata. A yi amfani da waya da ƙusoshi masu rufin da ke hana tsatsa, a fifita ƙusa mai zare a kan mai santsi. A silin POP kada a dogara ga filas kaɗai, a haɗa da waya. Mai gini ko wakilinsa ya ƙirga maratayi da idonsa kafin a rufe, kuma kada a biya cikon kuɗin aiki sai bayan an yi haka.

(iv) Fanka da duk wani abu mai nauyi a ba shi ƙarfensa na daban wanda ya kama bango ko katakon rufi. Tankin ruwa a yi masa hasumiyarsa a waje.

(v) A toshe ƙarƙashin bakin kwano domin hana jemagu da tsuntsaye shiga, amma a bar ƙananan tagogi masu raga domin zafi ya fita. A bar wa silin roba ɗan sarari a gefen bango.

(vi) A zaɓi allo gwargwadon wuri. POP bai dace da inda ake girki ko ƙarƙashin bayan gida ba, roba kuma ba ta dace da inda ake aiki da wuta ko ajiye mai ba. Tsohon asbestos kada a fasa shi ko a share ƙurarsa a bushe. A jiƙa shi, a rufe hanci da baki, a cire shi falle-falle.

(vii) A bar ƙofar leƙawa mai faɗin santimita 60 a kowane babban ɗaki, a riƙa hawa da tocila sau biyu a shekara: a Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, da kuma Oktoba bayan ɗaukewarsa. A yarjejeniyar haya a rubuta wanda wannan aiki ya hau kansa.

(viii) Hukuma ma tana da rawar takawa. An fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006, akwai kuma majalisun COREN da ARCON da CORBON masu yi wa injiniyoyi da masu zanen gini da ƙwararrun magina rajista. Ya kamata sassan ayyuka na ƙananan hukumomin nan huɗu su sa duba silin cikin sharuɗɗan ba da izinin buɗe duk wani gini da jama'a za su taru a ciki. Haka kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure wuri ne da ya dace a riƙa shirya wa kafintoci da masu POP gajerun kwasa-kwasai cikin harshen Hausa, tun da su ne masu aikin da hannunsu.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an yi bayanin silin da sassansa da ire-irensa, an kuma nuna cewa ruwa, da ɗanyen katako, da gara, da ƙwange, da ɗora nauyi, da iska da zafi su ne ke raunana shi, rashin dubawa kuma shi ke ba su lokacin da za su gama aikinsu. Asarar da ke biyo baya ba ta tsaya ga kuɗin allo ba. Ta haɗa da jarin ɗan kasuwa, da gobarar da tsinkewar waya kan haddasa, da lafiya da rayukan masu saye da sayarwa. Kuɗin ƙarin waya da maganin gara da ƙofar leƙawa kuwa ƙalilan ne idan aka kwatanta da kuɗin ginin, ga shi kuma an ce rigakafi ya fi magani. Magabata ba su bari damina ta same su ba su hau soro ba. Mai kanti a Kazaure ko Babura ko Roni ko Gwiwa yana bukatar ya riƙe wannan al'ada, sai dai shi nasa duban ya haɗa da saman kwano da kuma cikin silin.